ZUMUNTAR MAZA: GADON DA BA A RABA SHI GABAN ALƘALI

Kome talaucin magidanci, yana fatan ya bar wa 'ya'yansa wani abu, ko gona, ko garke, ko rigar da ya gada wurin mahaifinsa. Amma akwai wani gado da ba a auna shi da igiya, ba a kuwa raba shi gaban alƙali, watau addini da halin kirki. Wannan shi ne abin da ya fi damun dattawan Kirista a Kafin Hausa da Dutse da sauran garuruwan tsakiyar Jihar Jigawa, inda suke 'yan kaɗan a tsakanin maƙwabtansu Musulmi. A inda jama'a ba ta da yawa, in tsara guda ta yi sakaci, to, sai a nemi majami'a a rasa.

Masu karatu da yawa suna zaton Kirista a ƙasar Hausa duk baƙi ne. Ba haka abin yake ba. A cikin shekarar 1900 Likita Walter Miller na Mishan ɗin C.M.S. ya iso Kano tare da Bishop Tugwell, Sarkin Kano Alu ya sallame su. A 1905 Likita Mila ya zauna cikin birnin Zariya. Wajen 1913 sai ga waɗansu mutane sun zo masa, su ne zuriyar Isawa, almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi. Waɗannan sun daɗe a warwatse wajen ƙasar Ningi da gabashin Zazzau, ba su da majami'a, ba su da malamin Mishan, uba ne kawai yake gaya wa ɗa abin da ya ji game da Annabi Isa. Aka tara su a Gimi, ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna. A 1929 aka koma Wusasa, aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sosai.

Abin da ya fito daga wannan ƙaramar unguwa ya isa abin tunani. Can aka yi renon Likita R. A. B. Dikko, likita na farko a Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Can Farfesa Ishaya Audu ya yi karatu, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Can kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi, a gidan mahaifinsa Yohanna Gowon, mai aikin bishara. Lalle barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A Lardin Kano kuwa, wanda Jigawa take cikinsa kafin a yanke ta a 1991, Mishan ɗin S.I.M. ne ya fi aiki. Ya karɓi kula da kutare a Yadakunya, ya buɗe asibitin ido a Kano a 1943, ya kafa tashoshi a wurare kamar Roni da Malam Madori. Daga aikinsa ne ekklisiyar ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954. Angilika kuma ta kafa diyosis a Dutse a 1996. Abin da ya haɗa su duka shi ne harshe, gama tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, da shi ake karatu, da shi ake waƙa, da shi ake binne matattu.

To, ina mazan suke a cikin wannan al'amari? Duk wanda ya san majami'un Arewa ya san Zumuntar Mata ta riga ta maza ƙarfi. Mata ne da ankonsu da tulunansu na kiɗa, su ne a gidan haihuwa, su ne a gidan makoki. Maza kuwa an fi saninsu da zama a kujerun dattawa da yanke shawara. Domin gyara wannan ne aka ƙarfafa Zumuntar Maza. Magidanta su kan taru a ranar da suka sa, su yi addu'a, su karanta nassi, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa a asusu. Da wannan kuɗi ake gai da marar lafiya, a taimaki gwauruwa, a sayi kwanon rufin majami'a. Da damina, in ɗaya ya kwanta ciwo, sai a yi masa gayya a nome gonarsa ta gero ko ta riɗi. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, su ma haka suka ɗauke ta.

Amma aikin da ya fi duka nauyi yana cikin gida. Littafin Kubawar Shari'a, sura ta 6, ya ɗora wa iyaye nauyin koya wa 'ya'yansu a zaune da a tafe, safe da yamma. Nan ne fa wahala take. Da an gama girbi magidanci ya kan tafi cin rani Kano ko Kudu, gida ya rage sai uwa. Ma'aikacin gwamnati ko ɗan kasuwa yau yana Dutse, gobe an ɗauke shi zuwa wani gari. Saurayin da ya sami ilmi ya kan tsaya birni, ya shiga majami'ar da ake wa'azi da Ingilishi, har ya fara jin nauyin yin addu'a da harshen kakansa. Wayar hannu kuma ta ci hirar dare wadda dā ake yi a tsakar gida. Ga shi kuwa Bahaushe Kirista yana fama da tambaya ta fuska biyu: wani ya ce ba cikakken Bahaushe ba ne, wani ya ce ba cikakken Kirista ba ne. Yaron da ubansa bai zaunar da shi ya ba shi amsa ba, zai nemi amsar a bakin wani.

Akwai ƙungiyar yara maza, watau Boys' Brigade, wadda William Alexander Smith ya kafa a birnin Glasgow a 1883, ta iso Nijeriya a 1908, tana koyar da ladabi da fareti da nassi. Tana da amfani ƙwarai, amma sa'a biyu a mako ba ta maye gurbin uba. Yaro ya fi koyi da abin da ya gani. In ya ga mahaifinsa ya cika mudu a kasuwa, ya biya bashi a kan lokaci, ya je ta'aziyya gidan maƙwabcinsa Musulmi, ya kame bakinsa a ranar fushi, to, ya sami darasin da ba allo.

Saboda haka wannan magana ba ta Kirista kaɗai ba ce. Garin da samarinsa suka tashi a hannun iyaye masu tsoron Allah, ko wane addini suke bi, shi ne garin da mai neman tayar da fitina ba ya samun 'yan aike. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dattawan Zumuntar Maza su riƙa jan samari kusa, su ba su wurin zama da bakin magana tun suna raye, kada su jira sai ranar rabon gado. Allah ya ba mu zaman lafiya.