Zobe, Zaki da Mayu: Yadda Kiristoci Suka Rabu Kan Labaran Almara

A daren 19 ga Satumba 1931, wasu malamai uku suka yi ta zagaye a harabar kwalejin Magdalen da ke Oxford a Ingila, gardama ta riƙe su har tsakar dare ya gota. Kan tatsuniya suke musu. C.S. Lewis, wanda ya yi shekaru yana musun akwai Allah kuma bai daɗe da sauya ra'ayi ba, ya dage cewa labaran mutanen da, duk daɗinsu, ƙanzon kurege ne. Abokinsa J.R.R. Tolkien, ɗan ɗarikar Katolika, ya ƙi yarda. A ganinsa, tunda Mahalicci ne ya ba ɗan Adam basirar ƙirƙira, ko labarin da aka ƙaga yana ɗauke da ɓurɓushin gaskiya. Na ukunsu, Hugo Dyson, ya goyi bayan Tolkien. Ba a yi mako biyu ba Lewis ya rubuta wa wani amininsa cewa ya karɓi Kiristanci.

Lewis da Tolkien su ne suka zama ginshiƙan labaran almara na zamani, masu dodanni da matsafa da ƙasashen da babu su a taswira. Suna da wata ƙungiyar abokai mai suna Inklings, suna haɗuwa a ɗakin Lewis daren Alhamis, kowa ya karanta abin da ya rubuta, saura su yi masa gyara ba sani ba sabo. Amma kowannensu da hanyar da ya bi wajen sa addini a labari.

Tolkien ya fitar da The Hobbit a 1937, sai The Lord of the Rings a 1954 da 1955. Mai karatu zai gama littattafan bai ga coci ko limami ba. Duk da haka, a wata wasiƙa ta 1953 marubucin ya shaida wa wani abokinsa cewa The Lord of the Rings na addini ne tun daga tushe. Ana ganin haka a ƙarshen labarin. Frodo, wanda aka ɗora wa nauyin halaka zoben mugunta, ya kai bakin ramin wuta sai zuciyarsa ta ci amanarsa, ya ce zoben nasa ne. Gollum, wulaƙantaccen halitta da aka sha samun damar kashewa amma aka ji tausayinsa, shi ya cije yatsan Frodo ya faɗa wutar da zoben a hannunsa. Jarumta ta gaza, jinƙan da aka yi tun baya ya ceci duniya. Tolkien ya sa hakan ya faru ranar 25 ga Maris, ranar da tsohuwar al'adar coci ke ɗauka a matsayin ranar da aka yi wa Maryamu albishir, kuma ranar da aka gicciye Almasihu.

Lewis bai ɓoye komai ba. A littafinsa na farko na Narnia, na 1950, yara huɗu da aka kwashe daga Landan saboda ruwan bama-baman yaƙin duniya na biyu sun shiga wata duniya ta cikin kabad ɗin tufafi. Ɗayansu, Edmund, ya sayar da 'yan uwansa ga wata mayya saboda kwaɗayin alewa. Zaki Aslan ya miƙa kansa aka yanka shi a madadin yaron, gari na wayewa ya tashi da rai. Kowane yaro Kirista ya san labarin da ake nufi. Littattafan sun kai bakwai a 1956. Tolkien kuwa bai so su ba, yana ganin an haɗa su cikin gaggawa.

Sai dai ba duk Kiristoci suka karɓi irin waɗannan labarai ba. Babi na 18 na Maimaitawar Shari'a a Littafi Mai Tsarki ya haramta duba da sihiri da neman matattu, kuma a kansa masu adawa suka kafa hujja. Wasan Dungeons & Dragons, wanda ya fito a Amurka a 1974, inda abokai ke zama a tebur kowa ya ɗauki matsayin mayaƙi ko matsafi, ya sha suka sosai a shekarun 1980. Wata uwa, Patricia Pulling, ta kafa ƙungiyar yaƙi da shi a 1983 bayan ɗanta ya kashe kansa, ko da yake kotu ta kori ƙarar da ta shigar. Da littafin Harry Potter, labarin yaro mai koyon sihiri, ya fito a 1997 rikicin ya dawo sabo. A Disambar 2001 wata coci a garin Alamogordo na jihar New Mexico ta cinna wa littattafan wuta. Marubuciyar, J.K. Rowling, ta bayyana a 2007 cewa jigon mutuwa da tashi a labarin nata daga Kiristanci ya samo asali.

Masu kare almara a cikin coci suna da ma'auninsu. Suna tambayar daga ina ikon ya fito, kuma me ya mayar da mai shi. Gandalf, matsafin labarin Tolkien, a cewarsu, manzo ne da aka aiko kamar mala'ika, har ya ƙi karɓar zoben don tsoron abin da zai zama. Duk wanda ya yi kwaɗayin mallake mutane a labarin, lalacewa ya yi.

Kasuwa dai ta bi bayan malaman Oxford. Finafinai uku da Peter Jackson ya yi daga The Lord of the Rings tsakanin 2001 da 2003 sun cika gidajen silima, na ƙarshen ya lashe kyautar Oscar 11. Narnia ta biyo baya a 2005, coci-coci da dama a Amurka suka kai mabiyansu kallo.

Yau waɗannan labarai suna cikin wayar kowane matashi, a fim da wasan kwamfuta da zane mai motsi. Iyaye da malaman addini da ke son yanke hukunci a kansu ya kamata su fara karantawa ko su kalla tare da yaran, su ga wa labarin ya ɗaukaka, wa kuma ya kayar.