Jirgin Ƙasan Madina Zuwa Makka Ba Ya Tsayawa A Mikati

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako shi ne tambayar da wani attajiri ya kawo mini bayan dawowarsa daga umra. Bawan Allahn nan ya sha zuwa ƙasa mai tsarki, kuma kullum a mota yake barin Madina, a tsaya da su a Zul Hulaifa, watau Abyar Ali, su yi wanka su ɗaura harami. A wannan karon sai ɗansa ya yankar masa tikitin jirgin ƙasa. Ya shiga da kaftaninsa da hularsa, harami na ƙulle cikin akwati, yana jiran a tsaya a mikati kamar yadda ya saba. Jirgi kuwa bai tsaya da shi ba sai Jidda. A nan ya sauka ya ɗaura harami, ya ƙarasa Makka ya yi umrarsa. Ya ce da ni, "Malam, akwai wani abu a kaina?" Na ce, "Alhaji, akwai hadaya." Tun da yake yanzu mutanenmu da yawa, fatake da ma'aikata, wannan jirgi suke shiga, na ga ya kamata a yi bayani.

Shi dai jirgin nan, wanda ake kira Haramaini, an buɗe shi ga jama'a a watan Oktoba na 2018. Tsawon hanyarsa kilomita 450 ne, gudunsa yana kaiwa kilomita 300 a sa'a guda, yana cinye tafiyar a wajen sa'a biyu da rabi. Tashoshinsa biyar: Madina, da birnin Sarki Abdullahi kusa da Rabig, da filin jirgin saman Jidda, da cikin garin Jidda, da Makka. Turkawa sun taɓa kawo dogo daga Dimashƙa zuwa Madina a 1908, zamanin Sarkin Musulmi Abdulhamid na biyu, amma bai isa Makka ba. Abin da kakanninmu suka yi kwanaki suna ratsawa a kan raƙuma, ga shi yau tsakanin hantsi da azahar an gama. Sai dai wannan saurin shi ne ya zo da matsalar da muke magana a kanta.

Tashar Madina tana gabashin gari, Zul Hulaifa kuwa tana kudu maso yamma. Jirgi ba ya tsayawa a can, wucewa yake yi ta daura da ita jim kaɗan bayan ya tashi, tun mutum bai gama gyara zama ba. Saboda haka duk wani shiri na harami a masauki ake gama shi. A yi wanka, a tuɓe ɗinkakkun tufafi, a ɗaura gyauto da mayafi. Malamanmu na Malikiyya ma sun so wanda zai yi harami daga Zul Hulaifa ya yi wankansa tun a Madina, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shehu Halilu, muddin dai ba za a daɗe ba tsakanin wankan da niyya.

To, saura niyyar. Wanda ya ke da lokaci da kuɗin mota, ya tafi Abyar Ali da wuri, ya yi nafila raka'a biyu, ya ƙulla niyya, ya fara talbiyya, sa'an nan ya nufi tasha. Wannan ba wanda zai ce masa uffan. Wanda bai sami haka ba, ya yi raka'o'insa kafin ya shiga, ya ƙulla niyya idan jirgi ya zo daura da mikati. Amma fa kada ya rataya ibadarsa ga sanarwar da zai ji a cikin jirgi, domin mai gyangyaɗi da wanda ba ya jin Larabci duk tana iya wuce su. A ganina, wanda ke tsoron kuskure ya yi niyya da zarar jirgi ya motsa. Yin harami kafin mikati makaruhi ne a mazhabarmu, amma ya ƙullu, kuma ba komi a kan mai shi. Ƙetare mikati kuwa a yi harami a bayansa, wannan jini ne, ɗan akuya ko rago, wanda bai samu ba ya yi azumi goma.

Akwai wata rangwame da mutane da yawa ba su sani ba. Risalar Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa mikatin mutanen Sham da Masar da Magrib shi ne Juhfa, kuma idan suka biyo ta Madina, yin harami a Zul Hulaifa ya fi musu falala ne kawai, domin mikatinsu yana gaba. Masu sharhi sun sa mu mutanen Tukururu a cikin wannan hukunci. Juhfa kuwa tana kusa da Rabig, a kan hanyar jirgin. Ashe da Alhajin nan ya farga, ya ƙulla niyya kafin a iso Rabig, da ya kuɓuta daga hadaya. In ma ya kasa tuɓe kaftanin, fidiya ce za ta hau shi, wadda ke da zaɓi: azumi uku, ko ciyar da miskinai shida, ko yanka. Kada dai a jira sai jirgi ya tsaya a tashar birnin Sarki Abdullahi, don tana kudu da Rabig, kuma ba kowane jirgi ke tsayawa a nan ba. Wannan ƙofa ta mai mantuwa ce. Shafi'awa da Hambalawa ba su yarda da ita ba, kuma ban so mai hankali ya gina shirinsa a kanta.

Zaɓen lokacin tafiya shi ma na cikin shiri. Salla ta farilla ba a yin ta a zaune bisa kujera ga mai ikon tsayuwa, ga kuma wahalar alƙibla. Tun da tafiyar gajeriya ce, a yanki tikitin da zai faɗa tsakanin salloli biyu. Jirgin hantsi ya fi kowane daɗi, ka isa Makka kafin azahar. Wanda zai tashi dab da faɗuwar rana shi ne abin gudu, saboda ƙuncin lokacin magariba. Ƙasaru kuwa tabbas ta halatta, tun da nisan ya ninka kilomita 80 sau biyar da ɗoriya, amma wanda ya yi niyyar kwana huɗu cikakku a Makka, da isarsa sai ya cika salla.

'Yan'uwa 'yan kasuwa, ku kula da maganar kaya. Abin da aka yarda fasinja ya shiga da shi akwati ɗaya ne wanda bai wuce kilo 25 ba, da 'yar jakar hannu. Wanda ya yi sayayyar dabino da dardumai da jallabiyoyi a Madina, ya nemi motar da za ta kai masa su Makka tun da wuri, kada a tare shi a bakin ƙofa yana sanye da harami, gardama ta kaure a wurin da aka hana jayayya. Tikiti ta intanet ake saya ko a tasha, da suna da lambar fasfo, kuma a Ramadan wurare kan ƙare tun da sauran kwanaki. Ma'aikacin da ya auna hutunsa da kwana ya saya tun yana gida, ya kuma tuna agogon Saudiyya yana gaban namu da sa'a biyu.

Tashar Makka tana unguwar Rusaifa, kilomita 3 zuwa 4 daga Masallacin Harami, sai an sake shiga mota. A tanadi kuɗin motar a jakar ɗamara, domin gyauton harami ba shi da aljihu.