Guzurin Mai Kwarashi

Daga Yamai zuwa Damagaram wajen kilomita 900 ne, wuni guda cur a mota. Idan za mu suna, kwarashi na cikin guzurinmu, sai dai ba kowace saƙa ke jure hanya ba. Bargo ya tsaya gida, nauyi gare shi ga cin wuri. Hular jariri muke ɗauka, zare launi ɗaya, saƙar da hannu ya saba, domin girgizar mota ba ta barin ƙidaya. Farin zare ƙura ce ajalinsa, baƙi kuwa yakan ɓace wa ido da almuru. In an tsaya salla a Birnin Ƙonni, mukan ɗaure bakin saƙar kada ta warware. Da yardar Allah, ranar suna jariri da hularsa.