Murfi Mai Hana Iska Shiga: Yadda Yake Aiki da Amfaninsa Wajen Adana Abinci

Kowace shekara, da zarar kaka ta yi, magidanta a Abuja da sauran sassan Nijeriya sukan sayi wake su ajiye tun yana da araha. Amma sau da yawa, kafin wata uku ko huɗu su wuce, sai a kwance buhu a tarar ƙwaro ya huhhuda shi, ya bar gari da ɓawo. Tsoron wannan hasara shi ya sa waɗansu ’yan kasuwa suke yayyafa wa wake maganin ƙwari mai guba, wanda ba a yi shi don abinci ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan gubar dichlorvos da aka samu a cikinsa, a 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan magani a kasuwanni da kantuna.

Alhali kuwa akwai hanyar kashe ƙwaron ba tare da guba ba, watau a hana shi iska. Abin da ake bukata shi ne mazubi mai murfin ƙwarai. Nufin wannan takarda shi ne a bayyana wa jama’a yadda ake ƙera irin waɗannan murafe, da yadda suke aiki, da yadda mai gida ko uwargida za su gane nagari.

Asirin Murfi

Gilashi ko ƙarfe ko tangaran, kome santsinsa a ido, yana da ƙananan kwaruruka da tuddai. In an haɗa abu mai tauri da ɗan’uwansa mai tauri, lalle a sami kafar da iska za ta bi. Don haka kowane murfi mai hana iska yana da abubuwa uku: leɓen mazubi mai santsi, da zoben roba mai taushi da ke zama a kan leɓen, da wata dabara da ke danne zoben daidai ta kowane gefe. Zoben shi ne ke cike kafofin, dabarar kuwa aikinta danniya kawai. In ɗaya daga cikin ukun nan ya lalace, murfin ya tashi aiki, kome ƙarfin da aka sa wajen rufe shi.

Kakanni sun san wannan tun da daɗewa. Sukan liƙe bakin rumbu ko na tulu da laka, su toshe gora da totuwar masara. Laka kuwa tana liƙewa sosai, sai dai in an fasa ta sai an sake kwaɓa wata. A Faransa ma, Nicolas Appert, wanda ya wallafa hanyar adana dafaffen abinci a kwalba a 1810, da matoshi da waya da kaki yake rufe kwalabensa. Abin da maƙera suka yi ta nema bayansa shi ne murfin da za a buɗe, a sake rufewa sau ɗari, bai daina aiki ba.

Murfi Mai Murɗawa

Wannan shi ne aka fi sani, shi ne a kan jarka da gorar ruwa da kwalbar zuma. A 1858 wani maƙeri a Amurka, John Landis Mason, ya yi rajistar kwalba mai faɗin baki wadda aka yi wa wuyanta tsagi mai zagayawa, irin wanda ke cikin noti. Tsagin nan kamar hanya ce da ta kewaye dutse tana gangarawa sannu sannu. Hannu yana juya murfin da ɗan ƙarfi kaɗan, tsagin kuma yana mai da juyin ya zama danniya mai ƙarfi zuwa ƙasa.

Abin lura shi ne, ba tsagin ke tare iska ba, don iska tana iya bin cikinsa ta shiga. Wurin liƙewa yana can sama, inda leɓen kwalba ya haɗu da zoben da ke cikin murfi. Saboda haka jarkar da zobenta ya faɗi ba ta hana iska, ko da an murɗe ta da ƙarfin ƙato. Murɗawar da ta wuce kima ma ɓarna take yi, tana cinye tsagin, ta kuma tsaga zoben.

Aikin Tsohuwar Abuja

Irin wannan murfi yana da tarihi a ƙasar nan. A 1950 aka ɗauki wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, aikin kyautata ginin tukwane a Nijeriya. A fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ga tukwanen Ladi Kwali, ’yar garin Kwali, wanda yanzu yake cikin Yankin Babban Birnin Tarayya. Ya kafa makarantar koyar da ginin tukwane a tsohon garin Abuja, watau Suleja ta yau, garin da ya bar wa sabon birnin tarayya sunansa bayan an kafa yankin a 1976. Ladi Kwali ta shiga makarantar a 1954, ita ce mace ta fari a cikinta, hotonta ne kuma ke bayan takardar naira 20.

Cikin kayan da makarantar ta yi suna a kansu akwai tulunan mai da kwalaben tangaran masu matoshi mai murɗawa, wanda shi ma da yumɓu aka yi shi. Aikin yana da wuya, domin yumɓu yana tsukewa in ya bushe, ya ƙara tsukewa a cikin wutar da zafinta ya haura digiri 1,200. Tilas ne wuyan tulun da matoshinsa su tsuke daidai da juna, in ba haka ba su ƙi shiga. Irin wannan matoshi yana tare ƙura da kiyashi, amma kamar kowane abu mai tauri, sai an sa masa zobe mai taushi kafin ya tare iska.

Murfi Mai Wayar Ƙarfe

A 1875 Charles de Quillfeldt ya yi rajistar wani matoshi a birnin New York, wanda har yanzu ake gani a kan waɗansu kwalabe. Matoshin na tangaran ne ko roba mai tauri, sanye da zobe, an rataye shi a wuyan kwalba da lanƙwasassun wayoyi biyu. In an danna waya ta ƙasa, sai ta ja matoshin ya matse zoben. Hikimar tana nan: wayar takan kai inda matsi ya fi tsanani, sa’an nan ta ɗan gota wurin ta kwanta a jikin kwalba. Daga nan duk abin da ya tura matoshin daga ciki, ƙara kwantar da wayar yake yi, ba buɗe ta ba. Sai an ɗaga ta da yatsa kafin ta saki.

Wannan dabara ce a jikin kwalabe masu faɗin baki da murfin gilashi, ita ce kuma a jikin kewayayyen ƙarfen da ke ɗaure murfin babban duro. Amfaninta shi ne danniyarta ɗaya ce kullum, ko yaro ya rufe ko babba, zoben kuma ana iya cire shi a sa sabo.

Murfin da Iskar Waje Ke Dannewa

Kamfanin Weck na Jamus, wanda aka kafa a 1900, ya yaɗa wata hanya dabam. Akan ɗora murfin gilashi a kan zobe, a kama shi da ’yan maƙalai na ƙarfe, a dafa kwalbar cikin ruwa. Zafi yakan kori iskar ciki, in kwalbar ta huce kuwa babu hanyar da za ta koma. Iskar duniya tana danna kowane santimita murabba’i da nauyin kimanin kilo 1. Don haka murfi mai faɗin santimita 8, ko rabin iskar ciki kaɗai ya fita, yana samun danniyar kimanin kilo 25. Akan cire maƙalan bayan an huce. In murfin ya saki da kansa daga baya, alama ce abincin ya lalace, kada a ci.

Murfin lemon kwalba mai haƙora, wanda William Painter ya ƙirƙiro a 1892, ba ya cikin wannan sahu. Sau ɗaya aka yi shi ya yi aiki, in mabuɗi ya tanƙwara shi ba ya sake liƙewa.

Yadda Rashin Iska Ke Kashe Ƙwaro

Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi. Macen tana saka ƙwai a jikin ƙwaya, tsutsa ta huda ta shiga tana ci, cikin mako uku zuwa huɗu na zafi ta fito ta zama ƙwaro mai saka nasa ƙwan. Kashi 21 cikin 100 na iska oksijin ne, shi ne abin da kowane mai numfashi ke bukata. In an rufe mazubi ruf, ƙwarin da kansu za su shaƙe oksijin ɗin da ke ciki, su daina ci da haihuwa, su bushe su mutu. A kan wannan ne aka yi buhun PICS mai ledoji biyu a ciki da buhu a waje, wanda masanan Jami’ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu na Afirka suka fara yaɗawa a 2007. Jarka ko duro ko kwalba mai murfin ƙwarai duk aikin nan suke yi.

Abubuwan da Za a Kiyaye

1. A gwada mazubi kafin a zuba. A rufe jarka ba kome a ciki, a nutsa bakinta a ruwa a matsa ta, kamar yadda mai faci ke neman huji. In kumfa ya fito, tana yoyon iska.

2. A duba zobe. Rana da zafi da mai suna sa roba ta bushe ta tsattsage. Wanda ya taurare a canja shi. Kwalbar da leɓenta ya ɓalle kuma a bar ta.

3. A shanya wake ya bushe ƙayau. A gwada shi haka: a sa ɗan wake da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a bar ta ta ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran danshi. Wake mai danshi in an rufe shi fumfuna yake yi. A Abuja, inda damina takan kai Oktoba, wannan gwaji ya zama wajibi.

4. A cika mazubi har baki, don iskar da za ta saura ta zama kaɗan. A share leɓen, kada ƙwaya ko ƙura ta shiga ƙarƙashin zobe.

5. Kada a buɗe sai bayan wata biyu aƙalla. Na ci yau da kullum a ware shi a ƙaramin mazubi. A ajiye a inuwa, inda ɓera ba zai kai ga jarkar roba ba.

Gargaɗi

Kada a zuba abinci a mazubin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko fetur ko kananzir, kome wankin da aka yi masa. Kada a toshe kunun zaƙi ko zoɓo a kwalbar gilashi a bar shi cikin zafi, domin in ya fara tsami yana fitar da iska mai iya fasa kwalba. Nama da kifi da ɗanyen ganye kuma ba a adana su a kwalba da tafasasshen ruwa kawai. Akwai ƙwayar cuta da ke yaɗuwa inda babu iska, gubarta tana kisa, ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa, alhali sai zafi ya kai kimanin digiri 121 a tukunya mai matsin tururi ake gamawa da ita.

Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa, ko Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona ta Nijeriya, NSPRI, mai hedkwata a Ilori da reshe a Kano. Zoben roba kuɗinsa kaɗan ne, amma in an kula da shi yana iya tsare abincin gida daga kaka har zuwa wata kakar, ba tare da an sa wa iyali guba a tukunya ba.