Kafin Gobarau ta Bi Sahun Masallacin Damagaram

A farkon Satumbar 2024 tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram ya zube bayan mamakon ruwa. Shekara guda kafin nan, ranar 11 ga Agustan 2023, wani sashe na babban masallacin Zazzau, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, ya rufta wa masallata ana tsakiyar la'asar, aka rasa rayuka. Da an ɗauko zancen irin wannan asara sai a ce damina ce. Ni dai a ganina damina ta zo ta tarar mun riga mun yi mata rabin aikin.

Ginin ƙasa kamar gona yake, kowace shekara sai an koma masa. Magini zai ɗora tubali, ya jera azara, ya shafe bango da makuba, amma da rani ya yi dole a sake yaɓe, a gyara indararo, a toshe ramin gara da na ɓera. A ƙauyukanmu na tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, irin su Yalwan Damai, da an kammala kaka kowane magidanci ya san lokacin kwaɓa ƙasa ya yi. Yanzu mai hali ya koma bulo da kwano, ɗan magini ma ya bi kasuwa, bulo yake bugawa. Ba laifinsa ba ne, ciki ba ya jiran tarihi. Sai dai ranar da soron gargajiya ya tsage, babu mai karanta tsagar.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne gyaran ganganci, wato shafa siminti a kan bangon ƙasa. Daga waje ya yi sumul. A ciki kuwa laima ta rasa hanyar fita, ƙasa na jiƙa tana saki, ba wanda ya sani sai ranar da ɓawon ya ɓantare da rabin bango.

Masu cewa sauyin yanayi ne suna da 'yar gaskiyarsu, ambaliyar 2022 da ta 2024 ba wasa ba ce, mu a Jigawa mun gani. Amma masallacin Jenne a Mali shi ma ruwa na dukansa, yana nan tsaye saboda duk shekara gari ke fitowa ya yaɓe shi. Hasumiyar Agadas mai tsayin mita 27 sandunan da ke jikinta matakalar magina ce.

Ko Turawan Italiya kulawa ce ta cece su. Hasumiyar ƙararrawa ta Pisa, da aka fara a 1173, ta karkace tun ana ginin saboda laushin ƙasa. Suka rufe ta a 1990, suka riƙa zaro ƙasa kaɗan-kaɗan daga gefen da ya ɗago, har karkatar ta ragu daga digiri 5.5 zuwa wajen 4, aka buɗe a 2001.

Hasumiyar Gobarau ta Katsina, wadda ruwaya ke dangantawa da zamanin Muhammadu Korau, tsayinta wajen mita 15 ne kawai, ba ta neman irin dukiyar da aikin Pisa ya ci. Abin da take nema daga gwamnatin jiha da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa shi ne magina na gado masu albashi, da za su riƙa hawanta duk rani kafin ruwan farko ya sauka.