Kalmar "Dusar Ƙanƙara" da Abin da Take Ɓoyewa

Manomin Dambatta ko Bici ko Kunci ya san ƙanƙara iri biyu: wadda kan zubo tare da hadari ta yayyaga ganyen gero da dawa, da kuma farin dutsen da ake haɗawa da ƙyastu a kunna wuta. Dusa kuwa babu gidan da ba a san ta ba a wannan karkara mai cunkoson gonaki, domin ita ke fita bayan surfe da bakace, ita ake jiƙa wa awaki. Daga waɗannan biyun aka ƙera "dusar ƙanƙara" don abin da bai taɓa sauka a ƙasar Hausa ba. Ƙirar ta yi armashi, sai dai akwai fagen da take gazawa, kuma fage ne da ake rasa rai a cikinsa.

A tsaunukan Alps na Turai, da Ukaimedin da ke kudu da Marakesh a Maroko, akwai wuraren wasan zamiya inda kujeru masu rataye a igiyar ƙarfe ke ɗaukar mutane zuwa ƙololuwa. Hanyoyin gangarowa a daddaɓe suke, ana kuma tsaronsu. Amma wasu gwanaye kan hau kujerar, su tsallake iyaka, su shiga dajin da ba mai kula da shi, suna neman sabuwar zuba mai laushi, busasshiya, wadda ke tashi kamar an sheƙe ta. A nan kalmar Hausa ta faɗa daidai wurinta, don dusa ce sak.

A shekarar da zubar ta yi ƙaranci, kamar farkon 2023 da wurare da dama a Faransa suka rufe hanyoyinsu, masu wannan nema sukan nufi gangaren da ke fuskantar arewa, inda rana ba ta cika kaiwa ba, kamar yadda manomi kan koma fadama idan damina ta yi gardama. Mai kallo daga nesa zai ɗauka ƙarancin zuba sauƙin haɗari ne. Ba haka ba ne. Idan shimfiɗar ta yi siriri, bambancin ɗumin ƙasa da sanyin iska yakan sauya ƙwayoyin da ke can ƙasa, su zama tsaki-tsaki, ba sa kama juna. Daga baya iska ta tara wata ta danne a kai, ta daskare ta zama falle guda. Misalinsa tabarma ce da aka shimfiɗa a kan tsabar gero: taku ɗaya ya isa ta sulale. A gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45, fallen kan zaftaro gaba ɗaya da wanda ya taka shi, wanda kuma aka binne, mintuna 15 na farko ne mafi yawan rabonsa. Shi ya sa Turai ke da ma'aunin gargaɗi mai hawa 5 tun 1993, kuma yawancin mace-macen a hawa na 3 suke aukuwa, ba na 5 ba.

Ke nan abubuwa uku ne a jere, mai laushin sama da fallen tsakiya da tsakin ƙasa, Hausa kuwa suna ɗaya ta ba su. Mai fassara labarin zaftarewa a rediyo ba ya iya nuna wa mai sauraro abin da ya zame a kan me. Alhali turmi da rariya sun riga sun tanadi kalmomin: a bar dusa ga ta sama, a kira ta ƙasa tsakin ƙanƙara, ta tsakiya kuma fallen ƙanƙara. Wani zai fi son ɓawo a kan falle, amma ɓawo a waje yake zama, wannan kuwa a binne yake.