Hawan dutse a bazara: mu tafi da ruwa, mu tafi da aboki

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, bazara ta kama. Daga watan Afrilu zuwa Mayu, zafin rana a ƙasar Damagaram yakan wuce digiri 40. Amma aiki ba ya jira. Wani zai hau tudu neman akuyarsa da ta ɓace. Wani zai shiga dajin Takieta neman itace ko ciyawa. Wani kuma zai ratsa duwatsu zuwa sharar gona kafin ruwa ya sauka. Samari ma sukan hau dutse don buɗe ido.

Ba mu da manyan tsaunuka irin na Azbin, inda dutsen Bagzan ya wuce mita 2,000. Namu tuddai ne na marmara da duwatsu irin na Birnin Damagaram. Duk da haka, rana tana iya kayar da ƙato a kansu. A watan Afrilu na 2024 zafi ya kai digiri 48 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma mutane da yawa sun rasu a wannan ƙasa saboda zafin.

Me rana take yi wa jiki?

Idan jiki ya yi zafi, sai ya fitar da gumi don ya huce. Gumi ruwa ne da gishiri. Mai hawan tudu cikin rana yana iya zubar da lita 1 na gumi cikin awa 1. A bazara iska busasshiya ce, tana shanye gumin nan take, har mutum bai san yana asarar ruwa ba. Dutse kuma yana shan zafi, yana mayar wa mai tafiya. A bisansa inuwa ba ta da yawa, rijiya kuma babu.

Shirin tafiya

Mu tashi da asuba, mu sauko kafin ƙarfe 11. Idan aiki bai ƙare ba, mu nemi gindin gawo ko aduwa mu zauna har la'asar. Gawo yana da ganye a rani, shi ya sa inuwarsa take da amfani a wannan lokaci.

Kowane mutum ya riƙe ruwansa, lita 3 ko 4 don tafiyar rabin yini. A naɗe gora ko bido da jiƙaƙƙen buhu, ruwan zai yi sanyi. Mu riƙa kurɓa a kai a kai, kada mu jira sai ƙishirwa ta kama mu. Idan rabin ruwan ya ƙare, mu juya gida, ko da ba mu ga akuyar ba.

Mu sa malafa ko rawani, da riga mai faɗi mai haske, da takalmi mai ƙwari. Mu riƙe fura da ƙuli-ƙuli ko dabino. Kafin mu fita, mu gaya wa mutanen gida inda za mu da lokacin dawowa. Mai azumi, da tsoho, da wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ko zawo ba, su bar wannan tafiya sai wani lokaci.

Amfanin aboki

Wanda rana ta buga ba ya gane halin da yake ciki, domin hankalinsa ne yake fara ruɗewa. Abokin tafiya shi ne zai gani. Saboda haka kowa ya riƙa duban ɗan'uwansa, yana jan sa da magana.

Alamun farko su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da ɗaurewar jijiyoyin ƙafa. Fitsari yakan ragu, ya yi ja. Da an ga haka, a tsaya. A kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a ba shi ruwa kaɗan kaɗan. Ruwan gishiri da sukari ya fi: lita 1 na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yana da kyau a ƙulle sukari da gishirin tun daga gida.

Alamun haɗari kuwa su ne jiki ya yi zafi rau, mutum ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko ya suma. Wani lokaci gumin ma yakan tsaya. Wannan ba aikin iskoki ba ne, zafi ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma yana iya kisa cikin ƴan awoyi.

A nan aikin aboki shi ne ya sanyaya jikin da gaggawa. Ya ja shi inuwa, ya zuba masa ruwa a kai da wuya da hammata, ya jiƙa rigarsa, ya yi ta yi masa fifita da malafa. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, don kada ya shaƙe. A kwantar da shi a kan gefe ɗaya. Ƙwayar zazzaɓi ba ta maganin wannan zafi. A nemi amalanke ko mota a kai shi gidan likita mafi kusa, ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. Ko da ya farfaɗo, a kai shi.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan shafi. Allah ya kai mu damina lafiya, amin.